Famfon ƙauyen kan dutse ya mutu: ƙofar wa za a buga?

Kowace bazara, daga watan Maris har faɗuwar ruwan farko, magana ɗaya ce ke cika gidajen rediyon Damagaram da fadojin samari: ruwa. Mai kira daga wani ƙauye cikin duwatsun Albarkaram zai ce famfonsu ya yi wata biyu a mace, gwamnati ta manta da su. Wani daga Kutus zai ce magajin gari ne ya cinye kuɗin gyara. Na uku ya ɗora wa sarki, na huɗu ya ce prefe, wato shugaban gunduma, ya zo ya gani da idonsa, amma har yau shiru kake ji. Ƙishi ɗaya ne ke damunsu, sai dai kowa da wanda yake nuna wa yatsa, kuma sau da yawa yatsan yana kan mutumin da doka ba ta ba shi ikon taɓa ko ƙusa ɗaya ta famfon ba.

To, wai aikin wa ne? Idan ajin zana ya faɗi a ƙauyen da ke bayan tsauni, ko korama ta yanke hanya, ko garke ya sauko daga dutse ya faɗa gona, wace ƙofa aka ce a buga? Tambayar ta shafi kowa a Nijar, amma ta fi ciwo a yankunan duwatsu na jiharmu ta Damagaram, daga Albarkaram da Damagaram Takaya zuwa Muniyo da Kutus. A can komai tsada gare shi, kuma wanda ya yi kuskuren ƙofa ya yi asarar tafiyar yini guda da kuɗin ɗan kabu-kabu.

Masu iko uku a kan ƙauye ɗaya

Kalmar "gwamnati" ce ta fara ruɗa mu, domin da ita muke kiran abubuwa uku da ba tushensu ɗaya ba.

Na farko shi ne ikon da ke gangarowa daga Yamai. Nijar tana da jihohi 8, kowace da gwamnanta, a ƙarƙashinsu kuma gundumomi 63, kowace da prefe. Jihar Damagaram tana da goma. Biyar tsofaffi ne: Mirya, Magarya, Kance, Tanut da Gure. Biyar kuma an ƙirƙire su a 2011: Damagaram Takaya, Tasker, Belbeji, Dungas da Takeita. Gwamna da prefe naɗa su ake yi, kuma wakilan gwamnatin tsakiya ne. Suna kula da tsaro da zaman lafiya, suna sa ido kan ma'aikatan da ministoci suka turo, suna duba ko abin da ƙananan hukumomi suka yanke bai saɓa wa doka ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne gunduma ba ta da majalisa, ba ta da kasafin gina rijiya ko aji. Prefe yana iya rubuta rahoto, yana iya kiran taro, yana iya matsa wa wani lamba, amma babu asusun da zai buɗe ya ce ga kuɗin famfo.

Dattawanmu ba su yi laifi ba da suke nufar ofishinsa. Kafin 2004, kwamanda, wato mai riƙe da wannan ofishi a lokacin, shi ne ke riƙe da kasafin yankinsa, lanho, wato harajin kai, hannunsa yake shiga, shi ke cewa a gina kaza a wuri kaza. Wanda ya girma a wannan zamani ya san ƙofa ɗaya ce tak. An sauya tsarin fiye da shekara ashirin, amma ba a zauna an bayyana wa mutumin karkara da harshensa ba.

Na biyu shi ne ikon da aka tsara ya fito daga akwatin zaɓe. A ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen kansiloli a faɗin ƙasa, aka kafa ƙananan hukumomi da magadan gari, abin da muke kira meri. Dokar 17 ga Satumba 2010 ta tsaida matakai biyu masu majalisa da kasafin kansu: jiha da ƙaramar hukuma. Birnin Damagaram yana da matsayi na musamman tare da Yamai, Maraɗi da Tawa, an raba shi da'ira biyar a ƙarƙashin majalisar birni ɗaya. A karkara kuwa akwai irin su Kelle ta ƙasar Kutus a gundumar Gure, da Albarkaram, Mowa da Gidimuni a gundumar Damagaram Takaya. Majalisar jiha ba uwar ƙaramar hukuma ba ce, ba ta ba ta umarni. Kowace da fannin da aka yanka mata. Kuma shugaban majalisar jiha daban, gwamna daban, ko da yake kullum ana haɗa su a baki.

Na uku shi ne sarauta, wadda ta girmi sauran biyun nesa ba kusa ba: Sultan na Damagaram, sarakunan ƙasa, shugabannin rukunin makiyaya, masu gari, masu unguwa, harɗo-harɗo. Dokar Janairu 2015 ta fayyace matsayinsu a cikin tsarin mulki. Su ke sasanta rigima, su ke tara lanho, su ne idon hukuma a inda mota ba ta zuwa. A majalisar ƙaramar hukuma sarki yana da kujera da bakin magana, amma ba shi da ƙuri'a.

Abin da aka miƙa a 2016

A watan Janairun 2016 gwamnati ta fitar da ƙudurorin da suka miƙa fannoni huɗu ga ƙananan hukumomi da majalisun jihohi: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A taƙaice, gina lakwal ta firamare, gyaranta da sa mata tebura aikin meri ne. Makarantun sakandare na majalisar jiha ne. Ƙananan gidajen likita na ƙauye, irin waɗanda aka gina da yawa a shirin musamman na zamanin Tandja Mamadu, suna hannun meri. Rijiyoyi da famfunan karkara ma haka. Manhajar karatu, jarrabawa, albashin ma'aikatan gwamnati, manyan asibitoci irin na ƙasa da ke Damagaram, shari'a da tsaro, duk suna nan a hannun Yamai.

A takarda rabon ya yi kyau, har an rubuta cewa duk nauyin da aka miƙa sai an haɗa shi da kuɗinsa da ma'aikatansa. A nan ne gizo ke saƙa. Nauyin ya sauko, kuɗin ya tsaya a sama, ko kuma ya sauko ɗigo-ɗigo. Ma'aikacin ruwa ko na gine-ginen karkara da ya kamata ya taimaki magajin gari yana zaune a babban garin gunduma, ministansa yake yi wa biyayya, kuma in meri na son ya zo ya duba wani aiki a bayan dutse, ita za ta nemo man mota da kuɗin guzuri. Magajin garin karkara ya zama kura da shan bugu: sunansa ne a kan aikin, aljihun yana wani wuri.

Dubi likita. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, likita ta yi aiki, gwamnatin tsakiya ta biya daga baya. Shekaru da dama biyan yana makara, kantar magani ta bushe, uwa ta sauko daga tsauni da ɗa a goye a ce mata ta je ta saya. Wa za ta zaga? Wanda ta gani a gabanta. Shi kuwa ba shi ya riƙe kuɗin ba, meri ma ba ita ba ce.

Ruwa, inda dutse ke da ta cewa

A nan nake so in daɗe, don a nan ne bambancin mutumin dutse da mutumin kwari ya fi fitowa fili.

Ƙarƙashin birnin Damagaram, da Damagaram Takaya, har zuwa Muniyo, shimfiɗar dutse ce mai tauri, irin wanda muke gani ya ɓullo a unguwar Birni. Wannan dutse ba ya riƙe ruwa kamar yashi. Sai a tsaguwarsa ko a ruɓaɓɓen samansa ake samun ɗan abin da ya taru, shi ya sa ake haƙa rijiyar burtsatse a kashe kuɗi ta fito a bushe, ko ta ba da ruwa da damina ta ɗauke a watan Afrilu. A Kutus kuma ruwan yana can ƙasa da nisa, rijiyar da sai an ɗaura wa raƙumi ko sa igiya ya ja. Ka kwatanta da kudu, wajen Magarya da Matamaye a kwarin Korama, inda a wurare da yawa gaba kaɗan za ka haƙa ka tarar da ruwa. Matsalar ba ta yau ba ce: ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

Ruwan birni da ruwan ƙauye ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. A manyan garuruwa kamfanin gwamnati na SPEN ne mai kayan, shi ke gina rijiyoyi, shato (hasumiyar tankin ruwa) da manyan bututu. Rarrabawa da karɓar kuɗin wata kuwa kamfanin SEEN ne ya yi tun 2001, har kwangilarsa ta ƙare a ƙarshen 2023, kamfanin NDE ya karɓa. Saboda haka in famfo ya ɗauke a Garin Malam ko Karkada, aka koma sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa, magajin garin Damagaram ba shi da mabuɗin da zai murɗa. Ruwan da birnin ke sha ma daga wajen iyakarsa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram.

A ƙauye lissafin daban ne. Dokar ruwa ta 2010 da miƙa ikon 2016 sun sa ƙaramar hukuma ce mai kayan. In famfon tuƙa-tuƙa ne ko rijiyar siminti, kwamitin ƙauye ke kula da shi, yana tara ɗan abin gyara. In kuwa shato ne mai inji ko mai hasken rana, meri tana ba ɗan kasuwa kwangila ya gudanar, ya sayar da ruwa, ya yi ƙananan gyare-gyare, a riƙa ware wani kaso a asusu don ranar da babban abu ya lalace. Ƙungiyar masu shan ruwan kuma ta sa ido. Ma'aikatar ruwa ta gunduma tana ba da shawara da bincike.

Wani kawuna, dattijo da ke zaune a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan na gabas, ya taɓa zuwa gidana da la'asar, ƙura har gira. Injin shatonsu ya ƙone. Ya je wani ofishi an tura shi wani, can ma an ce ba nan ba ne. Ya zauna ya sha ruwa, sannan ya ce mini: "Ɗana, ku da kuka yi lakwal, gaya mini. Kullum muna biyan kuɗin bido, ba mu taɓa sha kyauta ba. Ina kuɗin suka tafi?" Na ce: "Kawu, akwai takardar da aka sa wa hannu tsakanin meri da mai gudanar da shaton. Kun taɓa ganinta?" Ya ce shi bai ma san da ita ba. Shekaru suna biya, babu wanda ya taɓa karanta musu abin da ke cikinta, ballantana a gaya musu nawa ke cikin asusun gyara. Wannan magana ta tsaya mini a rai har yau.

Kuma a lura da abin da suke biya. A ce bido, wato jarka, mai lita 25 dala uku ne, wato sefa 15. Bido arba'in ke cika lita dubu, kenan sefa 600. Wannan ya ninka abin da mai famfo a gida cikin birni yake biya a matakin farko na farashi. Talakan da ya fi kowa nisa da ruwa shi ne ya fi kowa saye da tsada, kuma matarsa da ƴarsa ne ke hawa da gangara da shi a kai ko a bayan jaki. Yarinyar da ta yi safiya a layin famfo ba za ta zauna a aji ba, sai ga matsalar fanni ɗaya ta cinye ɗayan.

Maganin da masana suka fi nunawa a irin wannan ƙasa shi ne shato ɗaya mai ciyar da ƙauyuka da yawa: a nemo inda ruwa yake da gaske, ko da nisa, a ja bututu. Sai dai inda ruwan yake kan faɗo a ƙasar wata ƙaramar hukumar. Doka ta yarda ƙananan hukumomi su haɗa kai su yi aiki ɗaya, amma wa zai riƙe asusu, wa zai zaɓi ɗan kwangila, ƙauyen da aka haƙa a gonarsa me zai samu? Nan ake samun rijiya ta bayar guga ya hana.

Aljihun meri

Daga ina kuɗin ƙaramar hukumar karkara ke fitowa? Akwai lanho, wanda a wurare da yawa sefa 700 ne kan kowane baligi a shekara, dala ɗari da arba'in, masu gari ke tarawa su sami kasonsu. Akwai tikitin kasuwa, kuɗin kara na dabbobi, kuɗin tasha, da wani kaso na harajin da ma'aikatar haraji ke karɓa ta mayar. Akwai tallafin gwamnati ta hannun hukumar ANFICT da aka kafa a 2008, wadda aka ɗora wa rage tazara tsakanin masu hali da marasa hali. Sai kuma ƙungiyoyi da ƙasashe masu ba da agaji, waɗanda, in za a faɗi gaskiya, su suka gina yawancin shato da azuzuwan siminti da ake gani a karkara.

Yi lissafi da kanka. A ce ƙaramar hukuma tana da masu biyan lanho 20,000, kuma kowa ya biya, abin da ba ya faruwa. Sefa miliyan 14 kenan. Shato ɗaya mai rijiya mai zurfi da bututunsa yana cin miliyoyi gommai. Doka ta ce kashi 45 cikin ɗari na kuɗin shiga a zuba su a ayyukan raya ƙasa, amma kafin a biya sakatare, mai karɓar kuɗi, mai rubuta takardun haihuwa, mai gadi da kuɗin zaman majalisa, tukunya ta kusa komawa wayam.

Ƙaramar hukumar da ke da babbar kasuwar mako ko ke bakin kwalta tana numfashi. Ta birni tana yanka filaye ta sayar. Ta cikin duwatsu fa? Ƙauyukanta a warwatse, kasuwarta ƙarama don manyan motoci ba sa shiga, samarinta sun tafi bida Libiya, Aljeriya ko Najeriya tun bayan girbi. Kuɗin shigarta ya fi na kowa ƙanƙanta, aikinta ya fi na kowa tsada: buhun siminti kafin ya hau tsauni ya ƙara kuɗi, ɗan kwangila yana ƙara nasa, mushe, wato malamin lakwal, da aka turo yana neman a mayar da shi gari tun bai kwance jaka ba. A ganina wannan ne babban gibin tsarin. An ɗora wa Kelle da Matamaye nauyi iri ɗaya kamar ƙasarsu iri ɗaya ce.

Mutane kuma suna cewa ba za su biya lanho ba tunda ba su ga aiki ba, meri tana cewa ba za a ga aiki ba tunda ba a biya ba. Kowanne yana da gaskiyarsa. Amma ba zan ɓoye ba, an sha samun inda kuɗin tikiti ke ɓacewa tsakanin kasuwa da asusu, kuma wannan ya kashe amana fiye da talauci.

Hanya kuwa ba ta cikin fannoni huɗun nan. Kwaltar da ta tashi daga Damagaram ta bi Gure zuwa Diffa, da wadda ta nufi Tanut da Agadas, na gwamnatin tsakiya ne. Ƴar hanyar da ta ratse ta shiga duwatsu an bar wa meri, wadda ba ta da ko motar tura ƙasa. Alhali a ƙasar dutse hanya ce ke yanke hukunci kan sauran: ita ke cewa ko motar haƙa rijiya za ta iso, ko mai naƙuda za ta kai likita a amalanke kafin korama ta kawo.

Dutsen kansa na wa ne?

Da damina, in gonaki suka rufe ƙasa, kan tsauni da gangarensa ne mafakar dabbobi. Makiyayi yana hawa da garkensa ya jira a sako gonaki. Yawan jama'a kuma yana tura manomi ya hau gangare da gatari, ya shiga burtali, ya kewaye tafkin da ke gindin dutse. Rigimar da ke biyo baya ba ta meri ba ce kai tsaye, ba kuma ta prefe ba.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, kuma Mirya tana cikin wurare biyu na farko da aka fara gwada su a 1994, tare da Maine Sorowa. Yau akwai su a matakin gunduma, ƙaramar hukuma da ƙauye, inda mai gari ke shugabanta. Su ke shata burtali da makiyaya, su ke ba da takardar shaidar gona, ta saye, ta aro ko ta jingina. Dokar kiwo ta Mayun 2010 ta sa filayen kiwo a cikin dukiyar al'umma, ba mai ikon sayar da su ko mayar da su gonarsa. In an yi ɓarna, a fara da sulhu gaban mai gari ko harɗo, in ya gagara a je gaban sarki, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, da ita ake zuwa wajen alƙali. Ranar sakin gonaki kuma hukumar jiha ke tsaidawa bayan an ji ta bakin manoma da makiyaya.

Akwai wani ƙulli da ba a cika magana a kai ba. Sarkin ƙasa yana da ƙasa, shugaban rukunin makiyaya yana da mutane ne, duk inda suke. Bafulatani, Buzu ko Batube na iya shekara yana shayarwa a rijiyar wata ƙaramar hukuma, lanhonsa kuwa yana tafiya wata, inda shugabansa ke da rajista. Mazauna suna ƙorafin baƙi na cinye musu ruwa ba sa biya. Makiyayi yana cewa shi ne ke cika kara ranar kasuwa, kuma kuɗin kara meri ke ci. Duka biyun gaskiya ne, tsarin ne bai yi wa mai tafiya gurbi sosai ba.

Fasa dutse da ɗiban tsakuwa ma haka: izinin babban wurin haƙa daga ma'aikatar ma'adinai yake fitowa, harajin ɗiba kuma rabon ƙaramar hukuma ne. Ƙauyen da ake cika manyan motoci a bayansa yana da haƙƙin ya tambayi meri abin da ya shigo.

Tun daga Afrilun 2024

Duk bayanin da ya gabata game da zaɓaɓɓu sai an yi masa gyara, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja sun rusa majalisun ƙananan hukumomi, na birane da na jihohi a farkon Afrilun 2024. Waɗanda aka zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020 suka sauka, aka naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. Ba wannan ne karo na farko ba, an yi haka a riƙon ƙwaryar 2010. Ƙaramar hukuma tana nan, fannoninta suna nan, lanho yana nan. Abin da ya tafi shi ne majalisa. Kantoma ya haɗa aikin magajin gari da na kansiloli a hannunsa, kuma wanda ya naɗa shi yake ba bahasi.

Masu goyon baya suna cewa majalisun sun zama filin rigimar jam'iyyu, yau a tsige wannan gobe a tsige wancan, filaye na ɓacewa, kuɗin zama na cinye kasafi. Suna nuna cewa ko a zamanin farar hula, majalisun da aka zaɓa a 2011 sun wuce wa'adinsu da shekaru ana ta ƙara musu, kuma gwamnati ta sha sauke magadan gari kan almundahana. A wurinsu mutum ɗaya mai horo, wanda ba ya bin kowa bashin ƙuri'a, ya fi saurin aiki da tara haraji. Ba maganar banza ba ce, kuma akwai garuruwan da mutane ke yaba tsafta da tsari.

Masu adawa kuma suna tambaya: in kantoma ya yi ba daidai ba, wa zai ce masa a'a? A da kasafi sai an kawo shi gaban majalisa, zaman kuma a buɗe yake ga duk mai son saurare.

Ni abin da ya fi damuna shi ne mutumin bayan dutse. Kansila, duk da aibinsa, ɗan wani ƙauye ne. Ana samunsa a wajen suna da jana'iza, ana iya tare shi a kasuwa a ce: "Alhaji, maganar rijiyarmu fa?" Ya san wace korama ce ke yanke hanya a watan Agusta. Gaskiya ne ba kowane ƙauye ke da kansila ba, tunda jerin sunayen jam'iyya ake zaɓa, kuma manyan garuruwa ke cinye kujerun. Amma ƙofa ce, ko da ƙarama. Kantoma baƙo ne a mafi yawan lokuta, a wasu wuraren ma yana riƙe da ƙaramar hukuma fiye da ɗaya, kuma abin da ya fi gani shi ne abin da ke kusa da ofishinsa. Yanzu nauyin isar da kuka ya koma kacokan kan mai gari da sarki. Inda suke tsaye, ƙauye na da murya. Inda ake rigimar sarauta ko mai gari ya tsufa, shiru ne. Ga shi kuma wasu masu ba da agaji sun janye ko sun rage hannu bayan 2023, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 kuma ya tsaida wa mulkin soja wa'adin shekara biyar, don haka wannan tsari ba na kwana biyu ba ne.

Mu koma bakin famfon

In famfon ƙauye ya tsaya, tambayar farko ita ce me ya lalace. In ƙaramin abu ne, roba, kan famfo, bututun da ya fashe, na kwamiti ne ko na mai kwangila, daga kuɗin da ake biya kullum. In babba ne, inji, famfon cikin rijiya, allunan hasken rana, to asusun sabuntawa ne ya kamata ya ɗauka, kuma meri ce ke da alhakin sa ido a kansa. Mai gari da ƙungiyar masu shan ruwa suna da ikon neman a nuna musu kwangila da abin da ke cikin asusun, kuma ya fi kyau su kai kukan a rubuce, su riƙe kwafi, su ba ma'aikatar ruwa ta gunduma ɗaya. In meri ta yi kunnen ƙashi, a nan ne zuwa wajen prefe ke da amfani, domin sa ido a kanta aikinsa ne.

In kuwa rijiyar ce da kanta ta ƙafe, kamar yadda ake yawan gani a kan shimfiɗar dutse, babu kwamiti ko ɗan kwangilar da zai iya. Sai an sa sabon aiki a cikin tsarin raya ƙaramar hukuma, sannan a bi shi zuwa jiha da Yamai a nemo mai biya. Su kawu injinsu ne ya ƙone, ba rijiya ba. Da aka matsa aka buɗe lissafi, abin da ke asusun bai kai rabin kuɗin sabon inji ba. Samarin ƙauyen da ke bida a waje ne suka yi karo-karo suka cika, ruwa ya dawo ana saura kwana kaɗan a yi shuka.